Siririyar wayar jan ƙarfe ta fi ƙarfi a gwaji, amma kwamfuta ta ƙi nuna hakan: ina kuskuren yake?

Ɗalibar Ƙarafa:
Assalamu alaikum malamaina da 'yan'uwa na wannan zaure. Ina da matsalar da ta cinye mini kusan mako uku, har na kai inda ban san ko laifina ba ne ko na lissafin. Ina ƙoƙarin maimaita a kwamfuta gwajin da Fleck da Muller da Ashby da Hutchinson suka wallafa a 1994, inda suka murɗa siraran wayoyin jan ƙarfe masu kauri daga mikiron 170 zuwa mikiron 12. Ga wanda bai saba da ma'aunin ba, mikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita, don haka waya mai mikiron 12 ta fi gashin kan mutum siranta nesa ba kusa ba. Abin da suka gani shi ne, idan aka ja wayoyin a miƙe ƙarfinsu bai bambanta sosai ba, amma idan aka murɗa su, kuma aka cire tasirin kauri daga lissafin yadda za a iya kwatanta su da juna, wadda ta fi siranta tana nuna ƙarfi kusan ninki uku na wadda ta fi kauri.

Na gina samfurina da hanyar gutsattsari, wato wadda ake yanka jikin abu ya zama raga ta ƙananan gutsattsari a warware lissafin kowane ɗaya. Na ba shi halayen jan ƙarfe daga gwajin ja, na murɗa wayoyin ɗaya bayan ɗaya, sai layukan sakamakon suka hau kan juna kamar da biro ɗaya aka zana su. Na ƙara wa ragar laushi sau huɗu, na sauya nau'in gutsattsarin, na duba ma'aunai ko na haɗa mita da mikiron, amma ko gezau. Don Allah wanda ya taɓa shiga irin wannan ya nuna mini inda na kauce.

Tsohon Malami:
Wa alaikumus salam, Malama. Ki kwantar da hankalinki, babu inda kika kauce, kuma da layukan sun rabu da juna, da a lokacin ne zan ce kin yi kuskure. Ki koma ki duba duk lambobin da kika ba kwamfutar: ƙarfin da ƙarfen ke jurewa kafin ya fara lanƙwasa ta dindindin, da yadda yake ƙara tauri yayin da ake ci gaba da matsa masa, da ma'aunin miƙewarsa mai komawa. A cikinsu babu ko ɗaya da ake aunawa da mita. Lissafin da babu tsawo a cikin dokokinsa ba shi da abin da zai gwada kaurin wayar da shi, saboda haka a wurinsa waya mai mikiron 12 da sandar rodi mai santimita 12 abu ɗaya ne, bambancinsu kawai girman zane. Ko da za ki shekara kina ƙara wa raga laushi, amsa ɗaya za ki samu, sai dai ta ƙara tsabta.

Abin da ya ɓace daga samfurinki yana cikin ƙarfen kansa. Ƙarfe ba ya lanƙwasa ta hanyar zamewar shimfiɗar atam gaba ɗaya a kan wata shimfiɗar lokaci guda; da haka yake yi, da jan ƙarfe ya fi yadda muka san shi ƙarfi ninki ɗaruruwa. A 1934 mutum uku, Taylor da Orowan da Polanyi, kowa a nasa ɓangaren, suka bayyana cewa akwai wasu layuka na rashin daidaito a jerin atam, waɗanda ke tafiya cikin ƙarfen suna zamar da shi kaɗan-kaɗan, kamar yadda mutum ke gusar da babbar darduma ta hanyar tura ƙudundunen da ya tashi a gefenta maimakon ya ja ta duka. Masu ilimin suna kiransu disilokeshan, ni kuwa a aji nakan ce layukan goce. Sai a 1956 aka gan su suna motsi a madubin lantarki, na'urar da ke girmama ƙananan abubuwa fiye da madubin haske, a Jami'ar Kambirij. Yawan waɗannan layuka shi ke kawo tauri, domin suna sarƙewa suna tare wa juna hanya, kuma Taylor ya nuna cewa idan yawansu ya ninka sau huɗu, ƙarin ƙarfin da suke bayarwa yana ninkawa sau biyu.

To, idan aka ja waya a miƙe, kowane sashe nata yana miƙewa daidai da ɗan'uwansa. Idan kuwa aka murɗa ta ko aka lanƙwasa ta, tsakiyarta ba ta miƙe ko kaɗan ba alhali bayanta ya miƙe matuƙa, kuma jerin atam ba zai iya ɗaukar wannan bambanci ba sai da ƙarin layukan goce da siffar kanta ta wajabta. Nye ne ya shimfiɗa lissafinsu a 1953, Ashby kuma a 1970 ya bambanta su da waɗanda ke taruwa barkatai. Ki ɗauki takarda ki gwada da kanki. Takun zamewa, wato gwargwadon gusawar da layin goce ɗaya ke kawowa idan ya wuce, a jan ƙarfe nanomita 0.256 ne (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na mikiron). Idan aka lanƙwasa faranti mai kaurin milimita 1 har bayansa ya miƙe da kashi 1 cikin 100, layukan da siffa ta wajabta za su kai kimanin biliyan 80 a kowace murabba'in mita, adadin da ba ya hana komai. Idan farantin mikiron 10 ne aka kai shi miƙewa iri ɗaya, adadin ya ninka sau 100, kuma a nan ne ya fara gogayya da sauran layukan da ke cikin ƙarfen.

Ɗalibar Ƙarafa:
Allah ya ƙara sani, Malam. Na yi lissafin kuma ya fito yadda ka faɗa. Wallahi da na san haka da ban ɓata dare biyar ina zargin ragata ba.

Ɗan Maƙera:
Ranka ya daɗe Malam, bayaninka ya tuna mini da maƙerar kakana, inda na fara ganin cewa jan ƙarfe yana ƙara tauri idan aka yi ta dukansa a sanyi, har ya kai inda zai tsage, sai a mayar da shi wuta ya yi laushi a ci gaba. Daga baya ne a makaranta na gane cewa guduma tana tara layukan goce ne, wuta kuma tana share su. Amma ina da ja a kan gwajin na 1994, kuma ina so a duba shi kafin Malama ta ɗora aikinta a kansa. Tun 1951 Hall, sannan Petch a 1953, suka nuna cewa ƙarfe mai ƙananan tsaba (tsaba su ne kiristal, wato gungun atam masu jeri ɗaya, da suka haɗu suka zama jikin ƙarfen) ya fi mai manyan tsaba ƙarfi, saboda iyakar da ke tsakanin tsaba da tsaba katanga ce ga layukan goce. Wayoyin da aka murɗa a wancan gwaji girman tsabarsu ba ɗaya ba ne, kuma waya mai mikiron 12 tsaba ƙalilan ne ke kwance a faɗinta. Ta yaya za mu tabbatar cewa abin da aka gani tasirin murɗawa ne, ba tasirin tsaba ba?

Tsohon Malami:
Tambayarka tana kan hanya, Injiniya, kuma an daɗe ana yin ta. Amsar da masu gwajin suka tanada ita ce gwajin ja: tsabar da ke cikin waya lokacin murɗawa ita ce dai ke cikinta lokacin ja, don haka da tsaba ce kaɗai ke aiki, da bambancin ya fito da girma iri ɗaya a gwaje-gwajen biyu, amma a ja ɗan kaɗan ne ya fito. Ban ce wannan ya rufe maganar ba, domin a murɗawa bayan waya ne ke ɗaukar mafi yawan nauyi, kuma tsabar da ke bakin fili ba ta yin hali irin na wadda ke ciki. Sai dai hujjar ba ta tsaya a kan gwaji ɗaya ba. Stölken da Evans sun lanƙwasa siraran farantan nikel masu kaurin mikiron 12.5 da 25 da 50 a 1998, suka ga abu mai kama da haka. A shekarar kuma Nix da Gao suka bayyana dalilin da ya sa idan aka danna tsinin daimon a kan ƙarfe, taurin da ake aunawa yake ƙaruwa yayin da zurfin dannawar ke raguwa, kuma cikin bayanan da suka yi aiki da su har da na kiristal guda wanda babu iyakar tsaba a cikinsa sam.

Mai Gutsattsari:
Malama, bari in zo miki ta ɓangaren aiki, tunda abin da kike buƙata shi ne samfurin ya tashi. Abin da za ki shigar shi ne abin da ake kira gangaren miƙewa, wato yadda miƙewar dindindin ke sauyawa daga wuri zuwa wuri, kuma da zarar kin shigar da shi dole ki shigar da wani tsawo da za a ninka shi da shi, in ba haka ba ma'aunan ba za su daidaita ba. Aifantis ya fara kawo irin wannan tunani a 1984, kuma tsawon da ake samu ga jan ƙarfe da nikel daga gwaje-gwajen murɗawa da lanƙwasawa yakan faɗo a 'yan mikiron kaɗan.

Hanya mai sauƙi ita ce ki bar dokokin daidaiton ƙarfi yadda suke, ki sa gangaren ya shiga cikin dokar ƙarin tauri kawai, ta bin lissafin Taylor. Wannan za ki iya rubuta shi a matsayin ƙaramin shirin halayen abu a yawancin manhajojin da ake da su, sai dai za ki riƙa ƙididdige gangaren daga wuraren auna da ke cikin kowane gutsure, kuma gutsattsari masu kusurwa uku marasa ɗigon tsakiya ba za su yi miki ba domin miƙewa ba ta sauyawa a cikinsu. Hanya mai wahala ita ce irin ta Fleck da Hutchinson ta 2001, ko ta Gudmundson ta 2004, ko ta Gurtin da Anand ta 2005, inda miƙewar dindindin ke zama abin da ake nema a kowane ɗigon raga kamar yadda ake neman gusawa. Wannan yana buƙatar ki rubuta gutsuren kanki, kuma yana tilasta miki amsa wata tambaya da samfurin farko bai taɓa yi miki ba: a bakin abin, layukan goce suna fita ne ko an tare su? Kada ki ɗauki tambayar da wasa. Xiang da Vlassak sun gwada siraran fatun jan ƙarfe a Jami'ar Habad ta Amurka, suka nuna cewa fatar da aka lulluɓe da wani siririn rufi mai tauri ta fi tsirara ƙarfi ko da kaurinsu ɗaya ne, saboda rufin yana hana layukan fita. Hanya mai sauƙi ba ta da ƙofar da za a shigar da wannan bayani. Ko wacce kika zaɓa, ki tabbata gutsattsarin ragarki sun fi wancan tsawo ƙanƙanta sosai a inda gangaren ya yi tsanani.

Mai Shakka:
Na yi shiru ina karantawa, amma ina ganin ana shirin tura wannan baiwar Allah wata hanya ba tare da an gaya mata inda hanyar ta yanke ba. Malam, da girmamawa, idan gangaren miƙewa ne ke kawo ƙarfin ƙananan abubuwa, me za mu ce da gwajin Uchic da Dimiduk da Florando da Nix da ya fito a mujallar Science a 2004? Sun sassaƙa ƙananan ginshiƙai daga kiristal guda na nikel da ƙarafan da aka haɗa da shi, ta amfani da tsinin hasken ayon, wato siririn feshin atam masu cajin lantarki, suka danne su daga sama da faffaɗan kai. Dannewa ce a miƙe, babu murɗawa babu lanƙwasawa, saboda haka babu gangaren da za a kama, amma duk da haka ginshiƙan suka riƙa ƙara ƙarfi yayin da suke ƙara siranta. Greer da Oliver da Nix suka ga haka a zinariya a 2005. Duk samfurin da Mai Gutsattsari ya lissafa, idan aka ba shi ginshiƙin da ake dannewa daidai wa daida, zai ce babu wani tasirin girma, kuma zai zana layi mai santsi, alhali ginshiƙin gaske yana tafiya ne da tsalle-tsalle, ya tsaya cak sannan ya zame farat ɗaya.

Damuwata ta biyu ta fi wannan. Wancan tsawo da ake shigarwa, daga ina yake fitowa? Ana murɗa shi ne a kwamfuta har layin ya hau kan sakamakon gwaji, sannan a ce samfurin ya yi daidai. Wannan kamar tela ne ya ɗinka riga a jikin mutum ɗaya, ya auna ta a kan mutumin nan dai, ya yi shelar cewa ya gano awon kowa. Tsawon da aka samu daga dannawar tsini ba lallai ya yi daidai da wanda aka samu daga murɗawa ba, ko da ƙarfen ɗaya ne, kuma hatta lissafin Nix da Gao yana wuce gona da iri idan zurfin dannawar ya gaza nanomita 100 ko makamancin haka.

Tsohon Malami:
Ban musa maganar ginshiƙai ba, ɗan'uwa, kuma da ka ƙara haƙuri da ni kaina na kawo ta. Abin da gwajin 2004 ya koyar shi ne cewa jimlar nan ta "ƙarami ya fi ƙarfi" tana rufe da dalilai fiye da ɗaya. A ƙarfen da aka gasa ya yi laushi, yawan layukan goce zai iya kaiwa tiriliyan 1 a murabba'in mita, wanda ke nufin tazarar da ke tsakanin layi da layi kimanin mikiron 1 ce. Ginshiƙi mai kaurin mikiron 1 ke nan layuka ƙalilan ne a cikinsa, a irin wannan hali kuwa maganar matsakaicin yawa ba ta da ma'ana, kamar mutum ya ce zai ƙididdige matsakaicin cunkoson kasuwa a shagon da mutum biyu ne a ciki. Abin da ke hukunci a nan shi ne maɓuɓɓugar layukan. Frank da Read sun bayyana a 1950 yadda guntun layi da aka ɗaure bakinsa biyu ke kumbura yana haifar da sababbi, kuma ƙarfin da ake buƙata don tayar da shi yana ƙaruwa yayin da guntun ke gajarta: a jan ƙarfe, guntu mai mikiron 1 yana buƙatar kimanin megafaskal 11 (ma'aunin ƙarfin matsi ne), mai nanomita 100 kuma ninki goma na hakan. Siririn ginshiƙi ba zai iya ɗaukar doguwar maɓuɓɓuga ba, domin bakin fili yana datse ta, wannan kuwa shi ne bayanin da Parthasarathy da abokan aikinsa suka bayar a 2007. Greer da Nix kuma suka kawo maganar yunwa, wato layukan suna ficewa ta bango kafin su hayayyafa, sai ginshiƙin ya rasa abin zamewa har sai an ƙara masa nauyi.

Amma wayar Malama ba ginshiƙi ba ce. Tana da tsaba da yawa a tsawonta, ana murɗa ta har ta lanƙwasa sosai, kuma layukan da ke cikinta suna da yawan da za a iya ɗaukar matsakaicinsu. A irin wannan wuri samfurin gangare yana da hurumi.

Ɗan Maƙera:
Wani abu game da ginshiƙan da nake so a sa a lissafi shi ne yadda aka ƙera su. Hasken ayon na galiyam da ake sassaƙa da shi yana lalata fatar ginshiƙin, yana dasa masa tabo. A 2007 Bei da George da abokan aikinsu a ɗakin bincike na Oak Ridge a Amurka sun samar da ginshiƙan haɗin molibdinam ba tare da sassaƙa ba: sun daskarar da haɗin ƙarfen ta fuska ɗaya, sannan suka narkar da abin da ke kewaye da zaruruwan da sinadari. Waɗannan ginshiƙai, da yake kusan babu layin goce a cikinsu, sun jure kusan gigafaskal 9, wato megafaskal 9,000, ba tare da ƙarfin ya dogara da kaurinsu ba, kuma da aka fara lanƙwasa haɗin kafin a fito da su, sai ƙarfin ya faɗo ƙasa. Haka ma Brenner ya gani tun 1956 a siraran gashin baƙin ƙarfe da jan ƙarfe da azurfa, waɗanda mafi siranta cikinsu suka kusanci iyakar ƙarfin da lissafi ya yarda da shi. A fahimtata, tarihin abin yana da nauyi daidai da girmansa, kuma wannan ya saba wa abin da na sani a maƙera ta fuska mai ban mamaki: a babban ƙarfe duka yana ƙara tauri, a ɗan ƙanƙanin kiristal mai tsabta kuwa duka yana raunana shi.

Mai Lissafin Atam:
Tunda an zo maganar layuka ƙalilan, bari in faɗi abin da namu ɓangaren zai iya da wanda ba zai iya ba, domin ɗalibai da yawa suna zuwa wurina da tunanin cewa kwaikwayon motsin atam zai raba gardama tunda ba a shigar masa da wani tsawo da hannu. Gaskiya ne ba a shigar masa, amma ku duba kuɗin da ake biya. A mikiron ɗaya ta kowace fuska na jan ƙarfe akwai atam kimanin biliyan 85. Aikin da Zepeda-Ruiz da Bulatov da abokansu suka wallafa a mujallar Nature a 2017 a kan tantalam, wanda aka yi a manyan kwamfutocin ɗakin bincike na Lawrence Livermore, ya kai atam miliyan 268, kuma ana lissafa shi cikin manyan ayyukan fannin. Ku kwatanta lambobin biyu ku ga nisan da ke tsakaninmu da wayar Malama mai mikiron 12.

Matsalar lokaci ta fi ta girma ciwo. Kowane taku a lissafinmu kimanin femtosakan 1 ne, wato kashi ɗaya cikin miliyan na nanosakan, wanda shi kansa kashi ɗaya ne cikin biliyan na daƙiƙa, saboda dole mu bi rawar da atam ke yi, don haka taku biliyan 1 bai wuce kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa ba. Miƙewar kashi 10 cikin 100 da na'urar gwaji ke yi a daƙiƙa 100, mu mukan yi ta a nanosakan 1, wato da saurin da ya ninka na gwaji sau biliyan 100. Duk abin da ke buƙatar zafi da jira, kamar tsallakewar layi daga wata shimfiɗa zuwa wata, muna iya ganinsa a karkace. Inda muke da amfani shi ne ƙasa can: Schiøtz da Jacobsen a Danmak sun nuna a 2003 cewa ƙarfin jan ƙarfe yana kaiwa ƙololuwa idan girman tsaba ya sauko nanomita 10 zuwa 15, ƙasa da haka kuma sai ya fara raguwa domin iyakokin tsaba su ne ke zamewa. Ke nan ko dokar Hall da Petch tana da inda take juyawa. Wanda ke son gwada hannunsa, manhajar LAMMPS ta ɗakin bincike na Sandia kyauta ce, amma ina roƙon kada kowa ya ja zaren nanomita 5 a cikinta ya ce ya bayyana waya mai mikiron 12.

Mai Shakka:
Madalla da wannan gaskiya. Shi ya sa ni nake ganin matsakaiciyar hanya ta fi cancanta da a ba ta lokaci, wato kwaikwayon motsin layukan goce ɗaya-ɗaya, inda ake mantawa da atam a bi layukan kansu a matsayin zaruruwan da ke ja da ture juna. Kubin da abokan aikinsa a Faransa sun yi shi a fuska uku tun farkon shekarun 1990, Van der Giessen da Needleman kuma a 1995 suka nuna yadda za a haɗa shi da hanyar gutsattsari domin a iya sa iyakokin abu na gaske, sannan ga manhajar ParaDiS ta Livermore. A nan tasirin girma yana fitowa da kansa, na gangare da na maɓuɓɓuga duka, har da tsalle-tsallen, ba tare da an murɗa wani tsawo ba.

Mai Gutsattsari:
Yana fitowa da kansa ne bayan ka zaɓi yawan maɓuɓɓugan da za ka zuba tun farko, da tsawonsu, da inda za ka ɗaure su, da dokar saurin layi, da dokar tsallakewa. Malam Mai Shakka, telan da ka yi wa ba'a yana nan a shagonku ma, sai dai ya ɓoye tef ɗinsa a aljihu. Idan ka zuba maɓuɓɓugan da bakinsu ke ɗaure har abada, ka riga ka hana yunwa faruwa kafin ka danna maɓallin farawa. Ga kuma tsada: yawancin irin wannan lissafi a fuska uku yana tsayawa ne a miƙewar kashi kaɗan cikin 100, a abu mai 'yan mikiron, alhali wayoyin 1994 an murɗa su fiye da haka nesa. Sannan sakamakon gudu ɗaya ba ya wakiltar komai, sai ka maimaita da zubi daban-daban ka ga yadda suka warwatsu.

Mai Shakka:
Na karɓi wannan, amma da bambanci ɗaya da ba zan saki ba. Yawan layuka da tsawon maɓuɓɓuga abubuwa ne da za a iya leƙawa a madubin lantarki a ƙidaya, ko da da wahala, saurin layi kuma ana iya samo shi daga lissafin atam. Tsawon da ke cikin samfurin gangare kuwa babu madubin da zai nuna maka shi.

Tsohon Malami:
Babu madubin da zai nuna shi, haka ne, amma ba daga iska ya faɗo ba. Idan ka bi lissafin Taylor kamar yadda Nix da Gao suka yi, za ka ga tsawon yana fitowa daga takun zamewa da kuma yawan ninkin da taurin jikin ƙarfen ya fi ƙarfin da yake lanƙwasa a kansa, wanda a ƙarshe yana da alaƙa da tazarar da ke tsakanin layukan goce. Abin da wannan ke nufi, kuma a nan na fi kusa da kai fiye da yadda kake zato, shi ne tsawon ba tabbatacciyar sifa ba ce ta jan ƙarfe kamar nauyinsa, domin yana sauyawa da yadda aka gasa ƙarfen da kuma yadda aka riga aka lanƙwasa shi. Saboda haka sharaɗin da zan gindaya wa Malama, kuma da ni ne mai duba aikinta ba zan sa hannu ba sai ta cika shi, shi ne ta ɗauko tsawon daga waya ɗaya tak, ta kulle shi, sannan ta bar samfurin ya faɗi abin da sauran wayoyin za su yi ba tare da ta sake taɓa shi ba. Inda ya faɗi daidai ta rubuta, inda ya kauce ma ta rubuta, kada ta ɓoye layin da ya ƙi hawa.

Ɗalibar Ƙarafa:
Malamaina, na dawo bayan kwana shida. Na bi hanya mai sauƙi da Malam Mai Gutsattsari ya bayyana, na sauya gutsattsarin zuwa masu ɗigon tsakiya, kuma a karon farko layukan sun rabu da juna, siririyar waya tana sama mai kauri tana ƙasa. Na ɗauko tsawon daga waya ɗaya na kulle shi kamar yadda Malam ya ce. Abin da na lura shi ne rabuwar tana buɗewa ne a hankali yayin da murɗawa ke ƙaruwa, amma a daidai inda lanƙwasar dindindin ke farawa duk wayoyin suna tashi daga wuri ɗaya. Da farko na ɗauka wani kuskuren ne, sai na tuna darasin makon jiya na koma kan dokokin: a farkon lanƙwasa babu miƙewar dindindin tukuna, don haka babu gangarenta, ke nan samfurin ba shi da abin da zai ɗaga mafarin da shi. Tambayata ita ce, idan ina so in gwada ko mafarin kansa yana ɗagawa da siranta, shin dole ne in koma hanya mai wahala?

Mai Gutsattsari:
Dole ne, Malama, kuma ki zaɓi nau'in da gangaren ke shiga cikin ɓangaren da ke cinye kuzari, domin shi ne ke ɗaga mafarin. Wanda ke shiga ɓangaren da ke adana kuzari ya fi shafar ƙarin tauri da kuma halin wayar idan aka juya murɗawar baya. Tunda wayar zagayayya ce kuma murɗawar iri ɗaya ce a tsawonta, ba kya buƙatar raga mai fuska uku: matsalar tana komawa layi ɗaya daga tsakiya zuwa baki, kuma za ki iya rubuta ta da kanki a shafi biyu ko uku. Ki fara da bakin da layuka ke fita, tunda wayar tsirara ce, sannan ki gwada bakin da aka tare don ki ga girman bambancin. Kafin ki kwatanta da gwaji kuma, ki duba da kyau ko maki nawa ne aka auna a kusa da mafarin a zanen na 1994, domin auna ɗan ƙaramin ƙarfin murɗawa a waya mai mikiron 12 abu ne mai wuya, kuma zanen ya fi ƙarfi a inda murɗawar ta yi nisa. Idan kin rubuta shirin ki turo shi nan, zan duba miki sashen iyakokin a ƙarshen mako.